Baba da Gangar Roba

Shafi na 11

Masu cewa na rataye ku na tafi yawona, ku sassauta mini. Ba jan aji ba ne, shafin nan ne ya ƙi rubutuwa, in fara in goge, in fara in goge. Ita kuma 'yar'uwar da ta ce na cika ɗora wa Yaya laifi, ki karanta wannan tukuna sai mu yi magana.

Tun daga matakala na san Baba yana kan gangar. Ba wata ƙara ake ji ba, ɗan ƙas-ƙas-ƙas ne kawai na sanda a kan roba, kamar ana yankan albasa a kan katako. Iyakar kiɗan da ya rage a gidanmu ke nan tun ranar da Yaya ya kwashe tsofaffin gangunan Baba na katako da fata, ya kai shago aka yi masa musaya da wannan ta lantarki. Nas ɗin da ke zaune a ƙasanmu, mai aikin kwana da barcin rana, ta daina hawowa da fuska a murtuke. Ranar nan ma da muka haɗu a bakin get har dariya ta yi mini, ta ce a gaida Baba. Kowa ya samu lafiya a benen nan, har da ni mai ƙorafin ciwon kai.

Na tura ƙofa na yi sallama. Ban damu da rashin amsa ba, tunda abin kunne yana kansa. Yana zaune ya fuskanci bango ya ba ni baya, kafaɗunsa suna rawa, ƙafarsa ba takalmi a kan feda. Na ajiye jaka na tsaya ina kallonsa, raina fes, don yau ce ranar da Baffa Dogo zai zo ya saurare shi.

Baffa Dogo shi ne shugaban ƙungiyarsu, mai jita, abokin Baba tun kafin a haife ni. Wani otal ya ba su wurin wasa na dindindin, amma mai otal ɗin ya ce shi ba ya son hayaniya, gangar lantarki yake so wadda za a iya rage wa murya. Akwai kuma wani matashi da ya iya ta, yana ta zarya gidan Baffa yana neman kujerar Baba. Da Yaya ya ji labari, shi ne ya bugi ƙirji ya ce ai Baba ma ya koma ta zamani, a zo gida a ji da kunne.

Ina tsaye idona ya sauka a kan soket.

Filogin gangar yana yashe a kan kafet. Ni na cire shi da safe na sa dutsen guga, na fita a gurguje ban mayar ba. Na kalli ɗan akwatin da ke fitar da sautin, babu ko ɗigon haske a jikinsa.

Dariya ce ta fara zo mini. Na ce yau na samu abin tsokanar tsoho har dare. Na zagaya ta gabansa, ya gan ni, ya ƙarasa bugun da yake yi sannan ya zare abin kunnen yana share gumi.

"Baba, ya sautin yau?"

"Ya fito ras," ya ce. "Na ɗan ƙara masa ƙarfi, yanzu babbar tana cika kunne."

Dariyar ta ɗauke mini.

Na sake tambayarsa, ko wasa yake mini. Ya sake ba ni amsa ɗaya, har da cewa Yaya ya iya zaɓe. Ban san lokacin da na ɗaga hannu na nuna masa filogin ba. Ya bi yatsana da ido. Ya daɗe yana kallon abin nan a ƙasa, sannan ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce ai ya sani, hannu kawai yake motsawa kafin Dogo ya zo.

Na ja gefen mayafina na rufe bakina.

"Baba, kana jina?"

Ya zuba mini ido.

"Baba, in kana jina ka ce na'am."

Shiru. Ya haɗa sandunan da ke hannunsa ya danne a kan cinya.

"Sauke mayafin nan, Auta," ya ce a hankali. "Sauke in ga abin da kike faɗa."

A nan kan kafet na zauna, kusa da filogin.

Wato duk abubuwan da muke yi wa dariya a gidan nan, ashe ba abin dariya ba ne. Talabijin da yake ƙure wa murya mu ce tsufa ne. Wayarsa da yake miƙo mini ya ce in amsa hannunsa da maiƙo. Yadda komai ka faɗa masa daga kicin sai ya ce to, ko tambaya ce. Ni da nake gadarar babu wanda ya san Baba kamar ni tun bayan rasuwar Mama, ina zaune da mutum a gida ɗaya duniya tana rufe masa ƙofa ban ko lura ba. Na ji kunya, na ji tsoro, kuma na ji haushinsa, duk a lokaci guda.

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce ya daɗe, kunnen hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali. Yanzu in mutum ya yi magana kusa da shi yakan ji wani abu kamar gunaguni daga ɗaki na uku, sauran a baki yake tsinta. Ya taɓa zuwa asibiti shi kaɗai, likita ya duba ya ce abin ya yi nisa, ya kawo 'ya'yansa a yi magana. Bai koma ba.

"To ta yaya kake kiɗa da su Baffa duk tsawon nan?"

Ya ɗaga ƙafarsa ya nuna mini tafin.

"Da wannan."

Ya ce tsohuwar gangar ba kunnensa take yi wa magana ba. In ya taka babbar, takan bi ta feda ta hau ƙafarsa, ta bi kujera ta shiga ƙashin bayansa. In ya daki ƙaramar, fatar takan dawo masa da amsa a wuyan hannu, ya san ko ya yi daidai ko ya kauce. A dandali kuma katakon ƙasa yana kawo masa sauran 'yan kiɗan, shi ya sa yake cire takalmi, mu kuma muna cewa salo ne. Da haka ya rufa wa kansa asiri, ko Baffa bai taɓa ganewa ba.

Ya miƙa sanda ya ɗan daki robar da ke gabansa.

"Wannan kuwa ba ta ce mini komai. Ina dukanta, tana kallona."

"Me ya sa ba ka hana Yaya ba, ranar da ya zo da mota?"

"In ce masa me? Yaro ya zo da murnarsa, ya ce ya samo mini wadda ba za ta dami kowa ba. In ce a bar mini tawa, sai ya tambaye ni dalili."

Na tuna ranar. Baba yana tsaye a bakin taga ana sauka da babbar gangar, ni kuma ina ta yaba wa sabuwar cewa ba ta cin wuri. A shago har mai shagon ya ce a kawo mai kiɗan ya gwada da kansa, Yaya ya ce a'a, ba-zata za a yi masa. Ba-zatar kuwa ta yi kyau.

Na miƙe na shige kicin na kira shagon. Mai shagon ya gane ni, har yana tambaya ko tsoho yana jin daɗin kayan. Da na tambayi tsofaffin, ya ce ai ba su kwana biyu a wurinsa ba, wani ya gani ya ƙyasa ya loda su a mota ya yi wani gari da su, ko lambarsa bai karɓa ba. Na yi godiya na kashe. Ban gama sauke wayar ba kiran Yaya ya shigo, muryarsa cike da fara'a. Ya biya ya ɗauko Baffa Dogo, suna hanya, ya ari sifika ma don kowa ya ji, in gyara falo. Na buɗe baki zan yi magana, na hango Baba tsaye a ƙofar kicin yana kallon leɓena. Sai na ce Allah ya kawo su lafiya.

"Ba ki faɗa masa ba?"

"Ban faɗa ba. Amma Baba, gara mu faɗa. Baffa abokinka ne."

"Abokina ne, amma mutum shida ke ci a bayansa. Ba zai kai kurma otal ba, ni ma in ni ne ba zan kai ba."

Kalmar nan da ya kira kansa da ita ta fi komai yi mini ciwo. Na ce to ya ce ba shi da lafiya, a ɗaga zuwa wani lokaci. Ya girgiza kai, ya ce yaron can yana bakin ƙofa, in aka ɗaga yau an ɗaga har abada. Kuma in ya bar kujerar nan me zai riƙa yi? Ya zauna a falo yana kallon bakunan mutane a talabijin? Na san tun da Mama ta rasu, ranar atisaye ce kaɗai ranar da Baba yake goge riga ya fesa turare.

Sai ya faɗa mini dabarar da ya yanke. Waƙoƙin duk suna kansa, hannunsa ya san hanya, abin da yake nema kawai wanda zai riƙe masa lokaci. In tsaya a ƙofar kicin inda zai gan ni, in riƙa buga hannu a cinya daidai da jitar Baffa, kamar mai jin daɗin kiɗa. In Baffa ya yi sauri in yi sauri, in ya ja in ja.

"Baba, ni fa ban iya kiɗa ba. Ko tafi na yi a makaranta sai an harare ni."

"A ƙarƙashin ganga kika yi rarrafe. Yana jikinki, ba ki dai nema ba ne."

"In na kuskure fa?"

"Sai mu kuskure tare."

Na mayar da filogin da hannuna. Ɗan akwatin ya kawo haske. Muka juya gangar ta fuskanci falo, na kunna wata tsohuwar waƙarsu a waya ina bugawa a cinya yana bina, ni ina jin ƙas-ƙas ɗin roba, shi ba ya jin komai. Ba mu kai rabi ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Da na daina bugawa ya kalle ni, na nuna masa ƙofar da baki.

Yaya ne a gaba rungume da sifika, Baffa Dogo a baya yana haki, yana mitar cewa duk wanda ya gina benen nan ba ya son tsofaffi. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce Auta an girma an ƙi kawo mana suruki. Suka tafa da Baba. Yanzu da na sani, sai na ga yadda Baba yake yi: ya riƙe hannun mutum bai saki ba, yana dariya tun kafin a gama magana, idonsa ƙyam a kan baki. Baffa ya zagaya gangar yana taɓa robar da yatsa, ya ce wai wannan ce za ta maye gurbin tsohuwar amaryar. Baba ya ce to.

Yaya ya jona sifika, ya rataye abin kunnen a jikin ƙarfe tunda yau ba a bukatarsa. Baba ya taka babbar, falon ya ɗauka. Yaya ya kalle ni yana ɗaga gira, wai in ga aikinsa. Wallahi tausayi ya ba ni.

Abin da muka manta shi ne yadda Baffa yake kiɗa. Ya jawo kujera ya dasa ta a gaban gangar, ya zauna ya ba Baba baya. Ya ce haka suka saba a dandali, shi in yana kallon mai ganga ba ya jin kiɗansa, fuskarsa yake ji. Ke nan Baba ba zai ga hannunsa ba, ba zai ga bakinsa ba. Ni kuma da ke ƙofar kicin, ga ni tsirara a gaban idon Baffa.

"Mai Sanda, ta farko," ya ce wa Baba, ba tare da ya juya ba.

Na ɗaga yatsa ɗaya kamar ina gyara mayafi. Baba ya gani.

Jita ta fara, na fara. Ina ɗan kaɗa kai don a ce daɗi nake ji. Baba ya shigo daidai. Jama'a, ban taɓa jin mahaifina kamar ranar nan ba, ko don na san bai san abin da ke fitowa ba ne. Kowane bugu yana faɗawa a wurinsa. Yaya ya zaro waya yana ɗauka, bakinsa har kunne. Baffa ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Muka kai ƙarshe lafiya, na ji kamar in zube a ƙasa.

"Hannun yana nan," in ji Baffa. "Mu ji mai jan nan, wadda Hajiyarka take so."

Ta yaya zan nuna wannan da yatsa? Baba yana kallona yana jira. Na motsa leɓe ba sauti na ce ta Mama. Fuskarsa ta ɗan canza, ya gyaɗa kai.

Waƙar nan ba ta tafiya a miƙe. Takan ja, ta tsaya kamar za ta mutu, sannan ta tashi. A gaɓar farko Baffa ya ja, ni na makara, Baba ya makara a bayana. Kaɗan ne, Yaya ma bai ji ba. Amma Baffa ya buɗe ido. Ya kalli ƙasa, ya kalli silin, sannan idonsa ya sauka a kan hannuna. Na yi ƙoƙarin in maida shi wasa, na ƙara kaɗa kai ina murmushin dole. Ya ƙara sauri da gangan, na bi shi, Baba ya biyo ni. Ya ja, na ja, Baba ya ja. Duk wannan idonsa bai bar hannuna ba.

"Auta," ya ce, yana ci gaba da kaɗa jitar. "Ba ni ruwa."

Na tsaya.

"Yanzu, 'yata. Maƙogwarona ya bushe."

Yaya ya harare ni ta saman waya, wai me nake jira babba yana magana. Na kalli Baba. Yana kallon hannuna da dukkan ransa, bai san an ce komai ba. Ba ni da dalilin da zan bayar. Na juya na shiga kicin.

Kofin har sau biyu yana kuɓuce mini. Ina jin jita da ganga suna tafiya tare, sannan suka fara rabuwa, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Can sai jitar ta yi shiru.

Gangar ba ta yi ba.

Na fito da ruwan yana zuba a hannuna. Baffa ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyar jita. A bayansa Baba ya runtse ido gam, leɓensa yana motsi yana ƙirge, yana riƙe da lokacin a cikin kansa tunda ni na tafi da nawa. Yana kiɗa shi kaɗai, da ƙarfinsa, da gaskiyarsa.

"Mai Sanda, ya isa," in ji Baffa.

Kiɗa ya ci gaba.

"Mai Sanda."

Yaya ya yi dariya, ya ce ai abin kunnen ne ya toshe shi. Yana faɗa idonsa ya kai kan abin kunnen da shi da kansa ya rataye a jikin ƙarfe. Na ga wayar tana sauka a hankali. Ya matsa kusa ya kira Baba da ƙarfi, irin kiran da da can za a ce masa mara kunya. Baba bai ko motsa gira ba.

Yaya ya juyo gare ni, fuskarsa kamar ba jini.

Baffa ne ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa duk da Baba ba zai ji ba.

"Tun yaushe?"

"Yau na sani, Baffa."

"Shi ya sa kike yi masa hannu?"

Na gyaɗa kai, hawaye ya ɓalle mini. Na roƙe shi. Na ce da tsohuwar gangar yana ji ta ƙafa, duk shekarun nan ai bai taɓa ba shi kunya ba, a bar shi ya je da ta katako, za mu nemo wata. Baffa ya ce mai otal ya riga ya kafa sharaɗi, kuma ƙasan wurin siminti ne, ba katako ba. Yana magana hawaye yana bin gemunsa, bai share ba, bai kuma juya ba.

A bayansa waƙar Mama ta zo ƙarshe. Baba ya zagaye gangunan, ya daki farantin roba, ya kama shi da yatsu ya tsayar. Ya buɗe ido yana haki yana murmushi, irin murmushin da rabona da gani tun kafin a fitar da gangunansa daga gidan nan.

"Ka ji ta, Dogo? Roba ce, amma ta bi."

Na yi sauri na goge fuska da mayafi.

Baffa ya sunkuyar da kai.

"Ba zan iya juyawa ba, Auta. In ya ga fuskata ya gama sani. Ke yake kallo, ke za ki faɗa masa. Ba zan iya kai shi wurin nan ba."

Baba ya leƙo ta gefen kafaɗar abokinsa, murmushin yana nan bai gushe ba. Ya nemi bakina da ido.

"Ya yi magana ko? Na ga kafaɗarsa ta motsa. Me ya ce, Auta?"